Inuwar Giginya A Samaru

A watan Oktoba na shekarar 2025 aka buɗe wani gagarumin baje kolin zane-zane a gidan kayan fasaha na Tate Modern da ke birnin Landan, wanda aka keɓe shi kacokan ga ayyukan 'yan Nijeriya, tun daga zamanin mulkin Turawa har zuwa shekarun bayan samun 'yancin kai. Labarin ya iso mana nan Talata Mafara ta hanyar da labari ke isowa a yanzu, wato ta wayar hannu. Muna zaune a ofishin malamai an fita tara, sai wani abokin aikina ya miƙo mini wayarsa yana fara'a, ya ce, "Malam, duba ka gani, Zariya ta fid da mu kunya a Ingila." Na karɓa na duba. Ta wani ɓangare gaskiyarsa ce, domin kuwa an ba tsofaffin ɗaliban makarantar zane ta Zariya babban matsayi a wannan baje koli. To amma da na bi sunayen ɗaya bayan ɗaya, Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya, Yusuf Grillo, sai na mayar masa da wayarsa na ce, "Malam, su wa ke nan 'mu' ɗin?" Ya yi dariya, aka kaɗa ƙararrawa, kowa ya kama hanyar ajinsa. Ni dai tambayar ba ta bar ni ba, ita ce ma ta sa na ɗauki alƙalami.

Kada mai karatu ya yi mini gurguwar fahimta. Ba ƙyashi nake yi ba, ba kuma ƙabilanci ne ya motsa ni ba. Waɗannan bayin Allah sun yi aiki, guminsu suka ci, kuma duk ɗan Nijeriya yana da haƙƙin yin alfahari da su. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, shekara 70 ke nan da ɗoriya wannan makaranta tana zaune daram a tsakiyar ƙasar Hausa, amma ta zame mana inuwar giginya, na nesa ka sha. Kuma in za a kasa laifin, kaso mafi tsoka namu ne, mu iyaye da malamai da ma'aikatan ilimi, har da mu marubuta da ke karanta wannan mujalla.

Ga wanda bai san tarihin ba, sashen koyar da zane ya fara ne a Ibadan a 1953, a ƙarƙashin kwalejin fasaha da kimiyya da Turawa suka kafa, sannan aka ɗauko shi aka kawo Zariya a 1955. Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a watan Oktoba na 1962 sai ya zama ɗaya daga cikin sassanta, daga baya kuma aka fid da wani sashe daga jikinsa, na tsara kayan masana'antu, inda ake koyon tsara zanen tufafi, da ginin tukwane da tangaran, da aikin gilashi, da tsara rubutu da hotunan da ake bugawa a ɗab'i. Duka biyun suna nan a Samaru. Duk motar da ta tashi daga tashar Mafara za ta Zariya, in ta bi Gusau da Tsafe da Funtuwa da Giwa, sai ta wuce ta bakin ƙofar jami'ar nan kafin ta shiga gari. Mun wuce ta zuwa biki, mun wuce ta zuwa neman biza a Kaduna da Abuja. Wa ya taɓa cewa direba ya tsaya ya sauke ɗansa don ya je ya koyi zane?

A 1958 wasu ɗaliban wannan sashe suka kafa wata 'yar ƙungiya, wadda daga baya aka riƙa yi wa 'ya'yanta laƙabi da 'yan tawayen Zariya. Tawayen nasu ba na jifa da ƙone-ƙone ba ne. Malamansu Turawa suna koya musu zane kamar yadda ake koyar da shi a Landan, su kuwa suka ce sun ji sun gani, za su karɓi fenti da dabarun Bature, amma abin da za su zana da yadda za su zana shi, daga gidajen iyayensu za su ɗauko. Uche Okeke ya koma wurin mahaifiyarsa ya koyi uli, wato zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bangon ɗaki, ya mai da shi harsashin aikinsa, ya kuma tafi da shi Jami'ar Nsukka ya koyar. Onobrakpeya ya koma ga tatsuniyoyin Urhobo. Grillo ya koma ga rayuwar Yarbawan Ikko, ya shugabanci makarantar zane ta Yaba shekara da shekaru. Ƙungiyar ba ta wuce 1961 ba, amma ga shi har yau ana ambatonta a Landan.

A nan ne abin takaicin yake. Yaran nan sun zo Zariya, garin da ke cike da gidaje masu zanen bango, da maɗinkan babbar riga, da dukawa, da masu zayyanar allo, a nan suka gane cewa arzikin mai zane yana gidan uwarsa. Kowa ya koma gida ya ɗebo. Amma a cikin 'yan ƙungiyar nan babu Bahaushe ko ɗaya da zai koma ya ɗebo dagi, ko aska takwas, ko zanen ƙwarya, ya yi musu abin da Okeke ya yi wa uli. Wanda ya fi zana rayuwarmu a cikin 'yan wannan zubi shi ne Jimo Akolo, mutumin Egbe, wanda ya yi sakandare a Keffi, ya zana mahaya dawakinmu da makaɗanmu, ya kuma daɗe yana koyarwa a jami'ar. Allah Ya saka masa, amma ai ba a yi wa mutum kallon fuskarsa har abada a madubin maƙwabci.

Sai kuma labarin Demas Nwoko, wanda ya fi ba ni haushin kanmu. A 2023 aka ba shi Zakin Zinariya, wato babbar lambar yabo ta baje kolin gine-gine na birnin Benis a ƙasar Italiya, saboda aikin da ya yi tsawon rayuwarsa. Mutumin nan zane ya karanta a Zariya, ba gini ba. Abin da ya ɗaukaka shi kuwa shi ne gini da jar ƙasa wadda yake cuɗawa da ɗan siminti, da tsara ɗaki yadda iska da haske za su shiga da kansu, kamar yadda ya yi a majami'ar 'yan Dominika ta Ibadan. Jar ƙasa, jama'a! Abin da muke rushewa kullum muna kafa bulo da kwano, mu kwana muna gumi a watan Afrilu muna zagin masu wutar lantarki. Alhali kuwa a birnin Zariya ɗin nan ne Babban Gwani ya gina masallacin Juma'a da ƙasa a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, da bakan gizon da masana gini ke zuwa kallo daga ƙasashen duniya. Kuma a 1986 masallacin garin Yama da ke jihar Tawa a Nijar, wanda magini Falke Barmu ya gina da ƙasa, ya ci lambar yabo ta Aga Khan. Bahaushe ne, bai shiga jami'a ba. Ashe ba basira muka rasa ba.

To me muka rasa? Bari in faɗi abin da na gani da idona, tunda ni malamin sakandare ne, kuma a tsakanin Mafara da Bakura da Maradun na yi duk aikina. Tun ina ɗalibi ake maganar tsarin 6-3-3-4 da aka fara a 1982, wanda aka ce zai koya wa yaro aikin hannu tun daga ƙaramar sakandare. Na tarar da akwatunan injuna da aka sayo daga ƙasashen gabashin Turai a jibge a wani ɗaki, ba wuta, ba mai koyarwa, har gara da tsatsa suka raba su. A 2008 aka zo da sabuwar manhajar ilimin shekara tara, aka sa darasin al'adu da fasahar ƙirƙira a ciki. A takarda abin gwanin sha'awa. A aikace kuwa, duk makarantun da na zauna ban taɓa haɗa ofishi da malamin da ya karanci zane ba. Darasin nan akan damƙa shi ga duk wanda ke da sauran sarari a jadawali, malamin Hausa ko na motsa jiki, shi kuma ya rubuta wa yara ma'anar launi a allo su kwafa su haddace. Yaro ya yi shekara uku yana karanta zane bai taɓa riƙe burushi ba. In jarrabawa ta matso kuwa, malamin lissafi ya ari lokacin, ba kuma ya mayarwa. Wanda ya fito daga irin wannan aji, da wace takarda zai nemi sashen zane na Samaru, da wane aiki zai nuna musu?

Ni ma ban wanke kaina ba. Shekarun baya ina da wani ɗalibi a aji biyu, ɗan wani ƙauye a gefen gulbi. Wata rana ina duba littattafan aiki sai na tarar ya cika shafukan baya da zane. Ya zana kasuwar Talata da rumfunanta, da raƙuma ɗauke da buhuna, da wani doki da cikakken kayan hawa, har ƙananan zanen da dukawa ke yi a jikin sirdi bai bari ba, duk da biro mai shuɗin tawada. Me na yi? Na tsayar da shi gaban aji na zuba masa bulala, wai ya ɓata littafi. Sai da na koma gida da dare na sake buɗe littafin, sannan jikina ya yi sanyi. Daga baya na nemi mahaifinsa ranar kasuwa, na ce masa, "Baba, yaron nan Allah Ya ba shi hannu, akwai wurin da ake karanta wannan abu a jami'ar Zariya." Dattijon ya dube ni ya ce, "Malam, wanga zane da kaka faɗi, ana cin tuwo da shi? Ni dai likita nika so shi zama." Yaron bai zama likita ba. Yanzu yana bakin tasha yana rubuta allunan shaguna, yana yi wa manyan motoci ado a gadon baya. Sana'a ce ta halal, yana ci da iyalinsa, kuma in ka ga zakin da yake zanawa a bayan mota sai ka tsaya. Amma duk lokacin da ya durƙusa ya gaishe ni, sai in tuna da bulalar nan.

Hujjar farko da akan kawo in an yi wannan magana ita ce ta addini, wai zane haramun ne. Ni ba malamin fiƙihu ba ne, kuma hadisan da suka yi gargaɗi game da surar abu mai rai sanannu ne, ba na jayayya da su, hukuncinsu na malamai ne. Abin da nake ja da shi shi ne yadda muka ɗauki hukuncin abu ɗaya muka yi wa fanni guda kudin goro. Wace rai ce a jikin zanen atamfa? Wace rai ce a jikin tulu, ko kwanon tangaran, ko tsarin haruffan bangon littafi? Mu da muke yi wa yaro zayyana a allo ranar saukar Alƙur'ani, mu da kakanninmu suka ƙawata Alƙur'anan da suka rubuta da hannu da jar tawada da rawaya a kan kowane hizifi, yaushe muka zama masu gudun ado? Duk alhajin da ya je Makka ya ga rigar Ka'aba da rubutun da aka ɗinka mata da zaren zinariya, ya ga adon masallacin Madina, ya dawo yana ba da labari. Wannan aiki ba daga sama ya faɗo ba, wasu mutane ne suka zauna suka koye shi a wurin malamai, suka tsara shi a takarda kafin a ɗinka ko a sassaƙa. Musulmin Andalus da na Turkiyya da na Farisa, hanin sura ne ma ya tura su suka ƙware a rubutun ado da zanen lissafi har duniya ta sallama musu. Jihar Zamfara ce ta fara ƙaddamar da shari'a a 1999, a zamanin Gwamna Ahmed Sani Yariman Bakura. A ganina jihar da ta yi wannan ita ta fi cancanta ta zama cibiyar zayyana da rubutun ado a Nijeriya. Amma shiga sababbin masallatanmu ka duba. Tayil na waje, darduma ta waje, ayoyin da aka manna a bango ma an bugo su ne daga wata ƙasa.

Hujja ta biyu ita ce ta dattijon nan, wato ba a cin tuwo da zane. Wannan kam ranar kai lefe ake gane ƙaryarta. Buɗe akwatunan ka ƙirga. Atamfar da ake taƙama da ita ta kamfanin Vlisco ce a Holan. Shaddar da ango zai sa ta Getzner ce a Ostiriya. Sauran zannuwan da suka cika Kantin Kwari daga Sin aka yo odarsu. Sallaya daga Turkiyya, kwanukan jeren amarya daga Sin. Kowane fure da kowane layi da ke jikin kayan nan, wani mutum ne ya zauna a kan tebur ya zana shi aka biya shi albashi, kuma da kuɗinmu aka biya. Har ɗan leƙen asiri suke turowa ya ga irin launin da matanmu ke so a bana. Su sun san ana cin tuwo da zane, har da miya da nama, mu ne dai masu kai musu hatsin.

Ba kuma haka muke ba a da. Lokacin da Bature Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, abin da ya fi ba shi mamaki shi ne tufafin da ake saƙawa ana rinawa a can ana kai su har Tambutu da ƙetaren Sahara. Karofin Ƙofar Mata yana nan shaida. Mu nan yammacin Zamfara ƙasar auduga ce, ga yumɓu a bakin gulbin da ya ratsa Maradun da Mafara da Bakura, kuma wanda ya girma a nan ya san randa da tulu da ƙwarya mai zane da tabarma mai launi kafin roba ta kore su. Sardauna ya kafa masaƙar Kaduna a 1957, Gusau ma ta samu tata. Duk sun mutu. Ban ce rashin masu zane ne ya kashe su ba, kowa ya san labarin wuta da fasa-ƙwauri. Amma ko gobe aka tada masaƙar Gusau, ɗan wa zai zauna a ɗakin tsara zane?

Akwai kuma masu cewa, Malam, ana ta kai wa ke ta kaya? A shekarar 2021 kaɗai an kwashe 'yan mata a Jangebe a watan Fabrairu, an shiga kwalejin aikin gona ta Bakura a watan Agusta, an kwashe ɗalibai a Kaya ta ƙasar Maradun a watan Satumba, har aka rufe makarantu. Ba wanda zai koya mini zafin wannan, a cikinsa nake. Sai dai sakacin da nake magana a kai ya girmi 'yan bindiga da shekaru masu yawa. Lokacin da ake kwana ƙofa a buɗe ma ba mu tura kowa ba.

Yanzu bari in juyo kan jami'ar, domin ita ma ba za ta fita salin alin ba. Na sani akwai Hausawa da suka yi karatu a sassan nan biyu, wasu har sun zama manyan malamai a can, kuma na sani an yi rubuce-rubucen digiri masu yawa a kan sana'o'inmu. David Heathcote, wanda ya koyar da tarihin zane a can, ya yi shekaru yana bin maɗinka da masu zanen bango, ya tara kayan Hausa ya baje su a Landan a 1976, lokacin bikin nuna al'adun duniyar Musulmi. Aiki ne mai kyau, ba don shi ba da wasu abubuwan sun ɓace. To amma a lura da tsarin: gwaninmu shi ne abin nazari, wani ne mai nazarin. A zo a ɗauki hotonsa, a tambaye shi sunan kowane zare, a rubuta, a samu digiri, shi kuwa a bar shi a zaurensa yana ɗinki har idonsa ya mutu. Daga Samaru zuwa lungunan birnin Zariya, inda ake ɗinka aska takwas da aska biyu, ba wata tafiya ba ce. Mene ne zai hana a ɗauko irin waɗannan gwanaye a ba su aji da albashi a kira su malamai?

Jami'ar ta taɓa nuna ta san haka. A 1977 ta ba Ladi Kwali digirin girmamawa na dakta. Bagwariya ce mai ginin tukwane, wadda ta koyi sana'ar a gida tun tana yarinya, ta shiga cibiyar da Michael Cardew ya buɗe a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, a 1954, ta zaga Turai da Amurka tana nuna gwanintarta. Hotonta ne a bayan takardar naira 20. Wannan karramawa ta yi daidai, amma ƙwaya ɗaya ba ta cika mudu. Fuskar makarantar nan, in za a faɗi gaskiya, ta fi kallon Ikko da ƙasashen waje, saboda can ne masu sayen zane suke. A kan wannan hanya ta Ikko ne ma aka yi rashin Gani Odutokun, ɗaya daga cikin fitattun malamanta, a haɗarin mota a 1995, suna dawowa daga baje koli. Ba laifi ba ne mutum ya bi kasuwa. Amma jami'ar da ke ɗauke da sunan Sardauna an kafa ta ne don ta ɗaga Arewa, kuma hakan ya haɗa da ta fito ta nemi yaran da ba su san da ita ba. Kwas na wata biyu da Hausa a lokacin dogon hutu, ga malaman firamare da na sakandare irina, da masu rubutun allon shago, da maɗinka hula, ba zai gagare ta ba. Gasar zane tsakanin makarantun Zamfara da Sakkwato da Kabi da Katsina, wadda za a ba wanda ya ci gurbin karatu, ita ma ba za ta gagare ta ba.

Na bar namu na marubuta a ƙarshe da gangan, domin shi ya fi kusa da mu, shi ne kuma muke da ikon gyarawa ba tare da jiran gwamnati ba. Ku duba yadda takwarorinmu na kudu suka yi. A kulob ɗin Mbari da aka buɗe a Ibadan a 1961, Wole Soyinka da J. P. Clark da Christopher Okigbo suna zaune ne a inuwa ɗaya da Nwoko da Okeke, marubuci da mai zane suna shan shayi tare, wannan ya rubuta wasa, wancan ya tsara masa dandali. Okeke ya yi wa Things Fall Apart na Chinua Achebe hotuna, Onobrakpeya ya yi wa No Longer at Ease. Littafi ya ɗaga mai zane, mai zane ya ɗaga littafi. Mu ma mun san daɗin abin, domin duk wanda ya karanta Magana Jari Ce yana yaro, hotunan cikinsa suna nan a ƙwaƙwalwarsa tare da labaran. Kuma a Zariyar nan aka yi ta buga littattafanmu, daga Kamfanin Gaskiya zuwa NORLA zuwa NNPC.

Da adabin kasuwar Kano ya bunƙasa a shekarun 1990, an samu samari masu zana bangon littafi da hannu. Wasu zanen ba su da kyau, hannu ya fi ƙafa tsawo, amma namu ne, fuskokin irin namu ne, ɗaurin ɗankwalin irin na 'yan matanmu ne. Me muka yi musu? Muka biya su abin da bai taka kara ya karya ba, sau da yawa ko sunansu ba mu sa a littafin ba. Da aka samu kwamfuta sai muka watsar da su muka koma yanko hotunan 'yan fim, na gida da na Indiya. Yanzu kuwa abin ya kai marubuci ya ba inji umarni ya ƙago masa hoto, sai ka ga littafi a kan wata baiwar Allah 'yar ƙauyen Bakura, amma a bango ga wata mai siririn hanci da gashi har baya tana tsaye gaban gidan da babu irinsa ko a Abuja. Sannan mu taru a taro muna kukan yara ba sa karatu. Yaro ɗan shekara shida da hoto ake jawo shi. Littattafan yara nawa muke da su da Hausa masu hotuna masu kyau, waɗanda ɗan Maradun zai buɗe ya ga jakinsu da rumbunsu da gulbinsu? Mu da muka iya yabon Ɗanƙwairo da Kurna, muka rubuta kundaye a kan waƙoƙinsu, mun yarda fasahar baki abin tinƙaho ce, amma fasahar hannu mun bar ta a bakin tasha.

Saboda haka ina kira ga shugabannin ƙungiyarmu da su sa wannan magana a ajandar taro mai zuwa. Duk littafin da ɗan ƙungiya zai buga, a sa sunan wanda ya yi bangon a fili kamar yadda ake sa na marubuci, a kuma biya shi kafin a kai ɗab'i. A cikin kyaututtukan da muke bayarwa a ƙara ɗaya ta bangon littafi da hotunan littafin yara. Mujallar nan da kanta ta daina fitowa da bangon aro, ta ba ɗaliban Samaru da samarinmu na bakin tasha dama su gwada, kowace fitowa da mai zanenta. Sannan a tashi wakilai su je sassan nan biyu su zauna da malamansu, a kai musu rubutattun labaran yara guda goma a ce ga aikin aji, a ga abin da zai fito. In sun ƙi, mun samu abin rubutawa a kansu. In kuwa ba mu je ba, to mu daina cewa Zariya ta fid da mu kunya.

Ni dai a nawa ɓangaren na fara da abin da nake iyawa. Na sayo takardu da fensira masu launi da kuɗin aljihuna, na kuma roƙi wani dattijo maɗinkin riga a unguwarmu ya zo ya nuna wa 'yan aji biyu yadda ake shata zanen aska a kan yadi kafin a sa allura. Ya yarda, ya ce ko sisi ba ya so. Tsohon ɗalibin nan nawa ma ya ce zai rufe rumfarsa ya zo ranar Alhamis. Abin da ya rage shi ne minti 40 a jadawali, kuma sau biyu ke nan ina shiga ofis a kan maganar ana ce mini in dawo bayan jarrabawa.